Yadda ake saita hoto cikin hoto, sauyin hoto da makuro a ATEM Mini Pro

Mai ɗaukar tafsiri ko lacca kai tsaye ya san wannan matsalar: malam yana karanta allo, masu kallo a Facebook suna son ganin rubutun, suna kuma son ganin fuskarsa. Maganinta hoto cikin hoto ne, wato ƙaramin akwatin hoto a kusurwar babban hoto. Za mu yi misali da ATEM Mini Pro, na'urar sauya hoto tsakanin kyamarori, ta kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya, wadda ta fito a 2020, mai kafar HDMI huɗu.

Tun wajen jona waya aikin yake farawa. Kyamarar da ke kan fuskar mai magana, sa ta a kafa ta 1, domin ita na'urar take ɗauka ta mayar ƙaramin hoto. Kwamfutar da ke nuna rubutu ta shiga ta 2. A jikin na'urar danna 2, sannan ON a sashen PICTURE IN PICTURE, ka zaɓi kusurwa cikin maɓallai huɗun da ke wurin.

Idan akwatin ya yi ƙanƙanta, ko kana son wata kyamarar dabam, buɗe manhajar ATEM Software Control a kwamfuta. Shiga Upstream Key, zaɓi DVE (injin da ke ƙanƙanta hoto da motsa shi), canza Fill Source (kafar da ƙaramin hoton yake fitowa), sannan ka gyara girma da mazauni. A nan ake yawan yin kuka: da ka gama gyaran, kar ka sake taɓa maɓallan kusurwar nan, za su mayar da akwatin yadda ya zo daga kamfani.

Akwai wani saitin a manhajar ATEM Setup da ke tantance ko ƙaramin hoton zai sauka idan ka sauya kyamara ko zai zauna. Ga lacca, bar shi ya zauna.

Sauyin hoto bai da wuya. CUT yanke ne nan take, AUTO kuma yana bin salon da ka zaɓa, cikin rabin daƙiƙa, ɗaya, ɗaya da rabi ko biyu. MIX yana narkar da hoto cikin wani, DIP yana ratsawa ta wani launi. Ni dai a wajen karatu CUT nake so, sai MIX na daƙiƙa ɗaya wajen buɗewa da rufewa. Salon turawa da matsewa a bar wa biki. Dama injin DVE ɗaya ne a na'urar, muddin ƙaramin hoto ya riƙe shi waɗannan salon ba za su yi aiki ba.

Sai ajiye saiti. Makuro naɗin matakan saiti ne da ake sake kunnawa da danni ɗaya. A manhajar ATEM Software Control, buɗe tagar Macros, zaɓi gurbi cikin guda 100, sa masa suna, misali "malam a dama", ka fara naɗi. Makuro abin da ka canza kaɗai yake naɗa, saboda haka ko lamba ta riga ta yi daidai, sauya ta ka sake mayarwa domin ta shiga. Kashe naɗin, dagula saitin da gangan, ka kunna makuron ka gani. Mini Pro ba ta da maɓallin makuro a jikinta, daga kwamfuta ake kunnawa. Babbar 'yar'uwarta, ATEM Mini Extreme, ce mai guda shida.

Kafin a ɗauke wuta, je File ka danna Save Startup State, ka kuma ajiye kwafin saitin (fayil ɗin XML) a filas ta Save As.