Yadda ake bambance sunayen kayan zaƙi a Turanci

Kafin ka zaɓi kalma, fara duba wanda kake magana da shi, domin alawar da Ba'amurke ke kira candy ita ce mutumin Ingila ke kira sweets, a Ostireliya kuwa lollies ake cewa. Sai ka kula da biscuit, wadda ta fi rikitarwa: a Ingila biskit ne mai ƙaras-ƙaras, amma a Amurka ɗan burodi ne mai laushi, kusan ba zaƙi, biskit ɗin kuma cookie suke ce masa. Idan toffee da caramel suka shige maka duhu, gwada su da haƙori. Shi toffee ana dafa sukarinsa da man shanu har ya yi tauri yana karyewa, caramel kuwa laushi gare shi, yana manne wa haƙora.