Cakra, prana da riƙe numfashi: kurakuran da na gaji da gani

Tun da na dawo daga birnin Pune na Indiya, inda na yi shekara uku ina karatun falsafar Indiya, da wuya mako ya wuce wani bai turo mini tambaya a kan yoga ba. Wani zai aiko da hoton mutum a zaune, an jera masa ɗigo bakwai masu launin bakan gizo daga ƙugu zuwa tsakar ka, wato cakra, cibiyoyin da masu yoga ke siffantawa a jikin mutum, ya ce in duba masa wacce ta toshe. Wata za ta ce ta fara riƙe numfashi, yatsunta suna ƙandarewa, ko kundalini ce, ƙarfin da masu yoga ke cewa yana barci a gindin ƙashin baya, ta farka? Kuskuren jiya shi ne na yau, sunan mai yi kawai ke canzawa. Biyu daga ciki ni ma na yi su, kuma na ji a jikina, don haka a kansu zan fi tsayawa.

Da numfashi zan fara, domin shi ne mai iya kai mutum asibiti. A watannina na farko a can, kafin in sami malami, na kalli bidiyo ana koyar da abin da suke kira bhastrika. Ma'anar kalmar zugazugi, irin na maƙera, kuma haka ake yi: a ja iska a fesar da ƙarfi, sau ashirin, sau talatin, sannan a riƙe. Riƙewar ita ce kumbhaka, daga sunan tulu. Kullum da asuba ina yi a ɗakin kwanan ɗalibai, ina ƙara adadi, ina duba agogo in ga daƙiƙa nawa na kai. A mako na biyu sai na fara jin kamar kiyashi na yawo a leɓɓana da yatsuna, kaina ya yi sakayau, wani haske na gilmawa a idona. Murna ta kama ni, na ce ai ga abin da littattafai ke faɗa ya fara zuwa. Wata safiya na yi zagaye biyar, na riƙe numfashi, na miƙe tsaye ban sake shi ba. Abin da na sani bayan nan shi ne fuskar abokin ɗakina a kaina, da jini a kan tayil. Gefen gadon ƙarfe ne ya tsaga mini gira. Ɗinki shida aka yi mini, ciwon kai ya riƙe ni kusan mako uku, jarrabawar harshen Sanskirit ta wuce ni sai da na maimaita zangon.

Likitar da ta ɗinke ni ce ta warware mini abin da ya faru, kuma babu kundalini a ciki. Idan ka yi ta numfashi da sauri, iskar kabon da ke cikin jini tana raguwa ƙwarai, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su tsuke, daga nan jiri da motsin kiyashin nan da ƙandarewar yatsu ke zuwa. Sannan taruwar iskar kabon ɗin ce ke sa ka ji dole ka shaƙi iska. Tun da ka fitar da ita, jikinka ba zai yi maka ƙararrawa da wuri ba, kana riƙe da numfashi sai dai ka faɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gargaɗin yana nan a rubuce tun ƙarni na 15, ni ne ban karanta ba. Svatmarama, a littafinsa Hatha Yoga Pradipika, ya ce kamar yadda ake horar da zaki da giwa da damisa a hankali, haka ake horar da numfashi, in ba haka ba ya halaka mai yi. Ya ma lissafa abin da garaje ke jawowa: shaƙuwa, fuka, tari, ciwon kai da na kunne da na ido. Ku da kuke bin wani yaro a TikTok wanda bai san ku ba, bai san kuna da hawan jini ba, kuna gasar wanda ya fi daɗewa bai shaƙi iska ba, ku ji tsoron Allah a kan jikinku. Ni dai abin da nake yi yanzu: a zaune, a ƙasa, kafin karin kumallo, in ja iska da ƙidaya huɗu in saki da ƙidaya takwas, minti goma. Wanda ya zo wurina ba na barin sa ya riƙe numfashi ko na daƙiƙa ɗaya sai ya yi wata shida a haka. Wasu malamai za su ce na cika tsanani. Su ce. Idan ka gama zagaye ka ji kana haki, ka wuce iyakarka, ka tsaya ranar. Mai juna biyu, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko farfaɗiya, riƙe numfashi ba nasu ba ne sam.

Kada ka yi bayan ka cika ciki da abinci. Kada ka yi a tsaye, ko a cikin ruwa, ko kana tuƙi. Kada ka tilasta ƙafafunka su harɗe irin zaman furen bado, gwiwa ce za ta biya kuɗin.

Kuskure na biyu bai fitar mini da jini ba, amma ya ci mini wata huɗu da kuɗi, da kunyar da har yau ina tunawa. Na rubuta doguwar takarda a kan cakra bakwai da launukansu: ja a ƙasa, kore a zuciya, shuɗi a maƙogwaro, kowacce da halinta da dutsenta. Har duwatsun na saya a wani shago lokacin da na je Rishikesh. Na kai wa malamina, wani dattijo mai farin gashi da muke kira Panditji. Ya karanta shafi biyu, ya cire tabarau, ya ce, "Ɗana, koren nan na zuciya, a wane baiti ka same shi?" Na yi shiru. Ya tashi ya ɗauko wani tsohon littafi, ya buɗe, ya sa yatsa a kan layi ya ce in karanta da kaina. Littafin da fure yake siffanta kowace cakra, kuma furen zuciya ja ne a wurin, an kamanta shi da wani jan fure da suke kira bandhuka. Na cibiya launin hadari ne mai ɗauke da ruwa. Na tsakanin gira fari ne kamar wata. Bakan gizo ko ɗaya babu.

Littafin da ya nuna mini shi ne wanda kusan duk hotunan intanet suka samo tushe daga gare shi ba tare da sun sani ba. Wani malamin Bengal mai suna Purnananda ya rubuta shi a 1577, sunansa Shat-cakra-nirupana, wato bayanin cakra shida. Shida, ku lura. Ta tsakar ka, mai ganye dubu, a samansu ake ƙirga ta. John Woodroffe, Baturen Ingila da ya yi alƙalanci a babbar kotun Kalkata, ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1919, daga nan tsarin ya bazu a Turai har aka ɗauka shi kaɗai ne. Jeren launukan bakan gizo kuwa sai wajen shekarun 1970 ya kankama, a hannun marubutan Turai da Amurka. A Indiya kanta tsare-tsaren suna da yawa, wasu littattafan biyar suka ƙirga, wasu tara, wasu na mabiya Buddha huɗu. Haka magudanan da suke kira nadi: Svatmarama ya ce 72,000 ne, wani littafin ya ce 350,000.

Da na tambayi Panditji wanne ne daidai, sai ya sa ni lissafi. Ganyen furen ƙasa huɗu, na gaba shida, na cibiya goma, na zuciya goma sha biyu, na maƙogwaro goma sha shida, na tsakanin gira biyu. Jimla hamsin, adadin haruffan Sanskirit ke nan, kuma a kan kowane ganye an ɗora harafi guda. A nan na gane cewa abin da ke gabana umarni ne ga mai zaman tunani: ka hasko fure a wannan gurbi, ka sa wannan harafi, ka zaunar da wannan abin bauta. Likita ba zai tsaga ƙirji ya tarar da fure mai ganye goma sha biyu ba, kuma masu littafin ba su yi alkawarin haka ba. Saboda haka duk wanda ya ce cakrarka ta toshe, kawo kuɗi ya buɗe ta da dutse ko turare, ka tambaye shi littafi da baiti. Maganina ke nan tun daga ranar: ba na rubuta komai a kan wannan fanni sai na san wane littafi ya faɗa, a wane ƙarni, kuma na wace mazhaba ne. Na yayyage takardar, duwatsun na ba yaran maƙwabta.

Af, sunan ma. Cakra ake cewa, da c irin ta "cokali". Mu Hausawa rubutunmu ya riga ya sauƙaƙa mana wannan, don haka babu dalilin da zai sa mu bi masu cewa "shakra".

Akwai kuma saurin fassara, kuma wannan ya fi yawa a wurin masu ilimin addini a cikinmu. Sai ka ji an ce prana ita ce ruhi, atman kurwa ce, samadhi shi ne fana'i, cakra su ne laɗa'if na Sufaye, shi ke nan an gama. Ba a gama ba. Prana iskar rai ce da suka kasa gida biyar, kowacce da aikinta: apana tana tura abu ƙasa, samana tana dafa abinci a cibiya, udana tana hawa sama, vyana tana zaga jiki, ta biyar kuwa ita ma prana ake ce mata. Abin da ke narkar da tuwo ba shi muke nufi da ruhi ba. Haka karma. Matasa yanzu suna cewa "karma ta kama shi" suna nufin alhaki kwikwiyo ne. Asalin kalmar aiki ce kawai, kuma a tunaninsu sakamakon aikin yana ɗaure da sake haihuwa, rayuwa bayan rayuwa. In ka cire wannan, kalmarsu ka ara ka zuba mata ma'anarka. Ni littafin rubutuna shafi uku nake rabawa: kalmar, abin da masu ita suke nufi, sannan a ƙarshe abin da ya yi kama da ita a wurinmu. Shafi na uku yakan yi wata a buɗe ban cike shi ba. Muna da magabaci a wannan aiki. Abu Raihan Biruni ya koyi Sanskirit, ya fassara littafin Patanjali, tsohon littafin da ya jera ƙa'idojin yoga, zuwa Larabci tun ƙarni na 11, ya kuma rubuta babban littafinsa a kan Indiya wajen 1030, inda ya bayyana aƙidar mutanen kamar yadda take a wurinsu, shi kuwa yana nan Musulminsa.

Kada kuma ka zuba dukan malaman Hindu a tukunya ɗaya. Ana yawan cewa yoga na nufin haɗuwa, ɗigo ya koma teku. Wannan ya fi kusa da koyarwar Shankara, wanda ya ce atman, wato ainihin mutum, da brahman, wato tushen dukan halitta, abu ɗaya ne. Patanjali a kan tsarin Sankhya ya gina nasa, inda purusha mai kallo daban, prakriti abin kallo daban, kuma ƙarshen tafiya shi ne kaivalya, wato keɓewa. Wanda ya cakuɗa su zai karanta littafin duka a juye.

Masu ɗauka cewa yoga lanƙwasa jiki ce, su ƙirga: a cikin gajerun jumloli kusan 195 na Patanjali, uku kacal suka yi maganar zama, kuma abin da suka nema shi ne zaman ya tabbata, ya yi daɗi. Matakai takwas ya jera, na farkonsu barin cutarwa da ƙarya da sata. Yawancin tsalle-tsallen da ake gani yau sun fito ne ta hannun Krishnamacharya a Mysore a shekarun 1930 da ɗalibansa.

Saura wanda aka fi jin nauyin faɗa. Wasu suna maimaita mantra, wato kalmomin ibada da ake nanatawa, ba su san abin da suke cewa ba, don an gaya musu sauti ne kawai mai kwantar da hankali. Ka nemi fassara kafin ka buɗe baki. "Om namah shivaya" miƙa gaisuwar bauta ce ga Shiva, ɗaya daga manyan ababen bautar Hindu, haka masu ita suka ɗauke ta, kuma raina su ne ka ce ba ta nufin komai. Kundalini ma a littattafansu ba wutar lantarki ba ce, Shakti ce, abar bauta, wadda suka siffanta da macijiya da ta yi gammo sau uku da rabi a gindin ƙashin baya, tana hawa ta sushumna, wato nadi ta tsakiya, don ta sadu da Shiva. A ranar farko na gaya wa Panditji cewa ni Musulmi ne, zan karanta komai, zan koyi zama da numfashi, amma ba zan yi mantra ba, ba zan rusuna wa gunki ba. Ya gyaɗa kai ya ce ya fi son haka da ɗalibin da ke motsa baki bai san wa yake kira ba. Kusan shekara uku ina zaune a gefen tabarmarsa, idan sauran suka fara waƙar buɗe darasi ni sai in buɗe littafi in jira, kuma idan lokacin azahar ya yi shi da kansa yake duba agogo ya ce, "Ɗana, je ka yi sallarka, za mu jira ka a baiti na gaba."