Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa matasan karkara sana'a da hanyoyin gyara su

Tun daga shekarar 1987, lokacin da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, ta fara aiki a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, ake shirya wa matasan Nijeriya horon sana'a da nufin su dogara da kansu. Kafin ita akwai asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, mai hedikwata a Jos, wanda aka kafa a 1971, daga baya kuma gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da 'yan majalisa da ƙungiyoyin agaji suka shigo da nasu shirye-shiryen. Duk da haka, wanda ya san ƙauyukan Arewa ya san cewa da yawa daga cikin waɗanda aka yaye ba sa cin abinci da sana'ar da aka koya musu. Da zarar an gama aikin kaka sai su bi sahun 'yan ci-rani zuwa Kano ko Abuja ko Legas, takardar shaidar kuwa tana cikin akwati. Yawancin wannan asara tana da tushe guda, wato an fara horon ba tare da an tambayi wanda zai sayi aikin yaron ba, kuma an rufe shi ranar bikin yaye, alhali daga ranar ne ainihin gwagwarmayar take farawa.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne zaɓar sana'ar da ta fi sauƙin koyarwa a cikin ɗakin taro. Shi ya sa kusan kowane shiri za a tarar da ɗinki da haɗa sabulun ruwa da man shafawa da turaren wuta. Waɗannan sana'o'i ne masu mutunci, amma ƙauyen da tela biyu suka wadatar da shi ba zai ciyar da tela goma sha biyar ba, musamman da yake ɗinkin karkara ya fi tafiya gabanin ƙaramar salla da babbar salla da lokacin bukukuwan bayan girbi. Mai sabulun ruwa kuma tana gogayya ne da kayan kamfani masu araha da ake sauke wa 'yan tireda kowane mako, ga kuma sinadaran da sai an je birni ake samun su.

Gyaran wannan ba ya bukatar ƙwararre daga waje. Kafin a rubuta jerin sana'o'i, masu shirin su halarci kasuwar mako ta yankin sau biyu ko uku, su zauna da sarkin kasuwa da direbobin tasha da 'yan acaɓa, su tambaye su abin da mutanen garin suke ɗauka zuwa birni domin a gyara, da abin da suke jira kwana da kwanaki kafin mai gyara ya zo. A yankunan noman rani irin su Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga yake raya gonakin shinkafa da tumatir da alkama, amsar takan kasance injin ban-ruwa da injin feshi da injin casa. A wasu wuraren amsar ita ce babur, ko injin niƙa, ko famfon tuƙa-tuƙa da ya lalace aka koma shan ruwan rafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoma da masu shaguna da yawa sun karkata ga wutar sola, kuma wanda ya iya ɗora faifan sola, ya san girman batirin da ya dace da nauyin da za a ɗora masa, ya iya gano inda waya ta ƙone, ba zai rasa masu nemansa a ƙauye ba. Irin wannan bincike zai kuma nuna adadin mutanen da kowace sana'a za ta iya ɗauka, domin ko gyaran sola ne, idan aka koya wa matasa talatin a gunduma ɗaya an koma gidan jiya.

Akwai wani ra'ayi da yake tafiya tare da wannan kuskure, wanda matasan da iyayensu da masu shirin duk suke da hannu a cikinsa, shi ne ɗaukar cewa sana'a ita ce abin da ya raba mutum da gona da dabba. A ganina wannan ra'ayi ya jawo wa karkara hasara mai yawa. Matashin da ya tashi cikin kiwo ya riga ya mallaki rabin ilimin, saura a ƙara masa abin da zai mayar da kiwon kasuwanci: yadda ake zaɓar ragon turka, a ba shi maganin tsutsar ciki tun ranar da aka kawo shi, a tanadi harawa da ƙaiƙayi da dusa lokacin da suke da araha, a kuma lissafa watannin kiwo yadda za su ƙare daidai da kasuwar layya. Haka kiwon kaji yake. Cutar da take share kajin gida a lokacin hunturu tana da rigakafi, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos ta daɗe tana samar da shi, kamar yadda cibiyar binciken kiwo ta NAPRI da ke Shika a Zariya ta samar da kazar ƙwai ta Shika Brown wadda ta dace da yanayinmu. Yaro guda da ya iya yi wa kaji da awaki rigakafi, ya san yadda ake adana maganin cikin sanyi, zai iya zagaya ƙauyuka biyar yana samun na kansa, mutane kuma suna amfana. Turara shinkafa da matsar man gyaɗa da busar da tumatir cikin tsafta lokacin da ya yi kwantai duk suna cikin wannan sahu.

Kuskure na gaba shi ne gajarta lokaci. Ba a zama makaniki ko mai walda ko kafinta cikin mako biyu, kuma kowa ya san haka, amma ana ci gaba da shirya irin wannan horo saboda ya fi sauƙin kasafi da ɗaukar hoto. Matashin da aka yaye da rabin ilimi yakan ɓata aikin farko da aka ba shi, a ƙauye kuwa labarin ɓarna ɗaya ya isa ya kore masa abokan ciniki har shekara. Hanyar da ta fi inganci ita ce wadda masu sana'a suka gada, wato a danƙa yaro a hannun ubangida mai shagon da ake kawo wa aiki kullum, ya ga yadda ake karɓar aiki da yadda ake ciniki da yadda ake ba da haƙuri idan an saɓa alkawari. Kasuwar Panteka ta Kaduna ta yaye dubban masu sana'a ta wannan hanya, ita ma NDE tana da tsarin tura matasa wurin masu sana'a. Sai dai tsarin gargajiya yana da nasa aibin, domin wani ubangidan yakan mayar da yaro ɗan aike, ya shekara yana sayo abinci da wanke kayan aiki. Maganinsa shi ne yarjejeniya a rubuce a gaban uban yaron da mai unguwa, wadda ta fayyace abin da za a koya a kowane wata uku da ranar da za a sallame shi, sannan a riƙa biyan ubangidan haƙƙinsa kashi-kashi bayan an gwada yaron an ga hannunsa ya faɗa. Idan an kammala, yana da kyau a taimaka masa ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ko ya nemi shaidar ƙwarewa ta tsarin hukumar kula da ilimin fasaha, wato NBTE, mai hedikwata a Kaduna, saboda ranar da zai nemi kwangilar ƙaramar hukuma ko aikin kamfani.

Lokacin da ake sa horon shi ma yana da tasiri. Duk shirin da ya faɗo tsakanin shuka da noman farko da maimai zai yi fama da fashi, domin babu uban da zai saki ɗansa gona tana jira. Daga bayan girbi zuwa faɗuwar ruwa ne matashin karkara yake da sarari, sai dai a yankin da ake noman rani, inda ya kamata a tambayi mutanen wurin.

Sai batun zaɓen waɗanda za su amfana. Inda aka bar jerin sunaye a hannun masu rabon alfarmar siyasa, za a cika ajin da waɗanda suka zo domin alawus da waɗanda suke da wata sana'ar tuni, har da waɗanda ba a garin suke zaune ba. Irin waɗannan ne suke sayar da keken ɗinki ko injin markaɗe tun kafin a kwashe rumfunan biki, sau da yawa a ƙasa da rabin kuɗinsa. Ya kamata a tattauna da kowane matashi shi kaɗai, a ji dalilin da ya sa ya zaɓi sana'ar da inda yake niyyar kafa ta, a nemi wani babba ya tsaya masa, a kuma sa wata guda na gwaji ba tare da alawus mai tsoka ba. Wanda ya jure wannan wata shi ne mai nema da gaske.

Rabon kayan aiki yana da kurakurai biyu da suke maimaituwa. Na farko shi ne sayen kayan da ba su dace da wurin ba, kamar keken ɗinki mai amfani da lantarki ko firiji ko injin aski ga ƙauyen da turakun wuta ba su kai ba, ko injin da babu kayan gyaransa ko da a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano. Keken ƙafa da injin aski mai caji da ƙaramin faifan sola sun fi amfani a irin wannan wuri, kuma ubangidan da ya koyar shi ya fi cancanta ya rubuta jerin abin da za a saya. Na biyu shi ne ba da kayan aiki babu jarin juyawa. Mai walda da aka ba inji amma ba shi da kuɗin ƙarfe da na man janareta ba zai iya karɓar aikin ƙofa ɗaya ba, tela kuma yana bukatar zare da allura da maɓalli da hayar rumfa kafin kuɗin ɗinkin farko ya shigo. Ya fi kyau a rage yawan mutanen da za a ɗauka, a ba kowa kayan farawa da ɗan jari, a riƙe sauran kayan sai bayan wata uku an je an gan shi a bakin aiki.

Abin da ya fi kashe ƙananan sana'o'i bayan an kafa su shi ne rashin lissafi, kuma shi ne darasin da aka fi tsallakewa. Sabon mai sana'a yakan ɗauki duk abin da ya shigo aljihunsa a matsayin riba, ya yi cefane da shi, ya yi gudummawar biki, sai ranar da zai sayi kaya ya tarar ya cinye uwar kuɗi. Ga kuma bashi, wanda a ƙauye yake da wuyar hanawa, domin mai karɓar aikin kawu ne ko suruki ko abokin uba, kunya kuma ba za ta bari a bi shi ba. Dole ne a koya wa matashi yadda zai fitar da farashi, ya haɗa kuɗin kaya da na mai da na mota da ladan hannunsa da wani abu na lalacewar inji, ya kuma saba da karɓar kafin alƙalami wanda aƙalla zai biya kuɗin kayan aikin. A koya masa ware wa kansa abin cefane na mako wanda ba zai ƙetare ba, da ajiye littafi ɗaya na shiga da fita da na bashi. Ba sai da boko ba; wanda ya yi makarantar allo zai iya rubuta lissafinsa da ajami, kuma duk darasin ya kamata a yi shi da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, gwargwadon harshen mutanen wurin, tun da takardar Turanci da aka raba a aji ba ta taɓa gyara wa kowa inji ba.

Game da 'yan mata da matan aure, kuskuren shi ne a tsara musu horo kamar na maza, a cibiya mai nisa, daga safe har la'asar. Da yawa za su daina zuwa saboda aikin gida da reno ko rashin yardar maigida. Inda aka fara zama da mazaje da iyaye da limamin gari, aka sa ajin a wani gida sananne cikin unguwa, aka samo malama mace, aka kuma taƙaita shi zuwa tsakanin hantsi da azahar, zuwan yakan ɗore. A kuma yi tunanin yadda kayan za su kai kasuwa tun da wuri, domin idan ba a yi ba, ƙananan yara ne za a ɗora wa talla a hana su makaranta. Haɗa matan cikin ƙungiya, su riƙa tara kayansu wuri guda ana kai wa mai shago ko ɗan kasuwa amintacce, ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Haka nan gaggawar tura sabon mai sana'a cin bashin banki kuskure ne, domin wanda bai riƙe ciniki na wata shida ba bai san abin da zai iya biya ba, ga shi kuma da yawa suna ƙyamar kuɗin ruwa saboda addini. Adashi tsakanin abokan sana'a da ƙungiyar gama kai mai rajista sun fi dacewa da matakin farko. Idan harka ta kankama, akwai bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, waɗanda suke sayen kaya su sayar wa mutum a kan ribar da aka yi yarjejeniya.

Duk waɗannan gyare-gyare ba za su tsaya ba idan babu mai komawa ya duba. Tun wajen kasafi ya kamata a ware kuɗin bibiya na shekara guda, ko da za a rage na rumfa da abinci da riguna na ranar biki. A naɗa wa kowane rukuni na matasa goma mutum ɗaya, zai fi kyau ya kasance ubangidan da ya koyar da su, wanda zai riƙa ziyartarsu sau ɗaya a wata, ya duba littafin lissafi, ya taimaka da aikin da ya gagara, ya sanar idan inji ya lalace. Majalisar ƙaramar hukuma da kwamitocin makarantu da na masallatai su ma za su iya ba waɗanda aka yaye aikin farko, kamar gyaran kujerun aji da ɗinkin kayan makaranta da haɗa wutar sola a ɗakin shan magani. Rahoton da za a miƙa a ƙarshen shekara kuma ya ƙunshi sunan kowane matashi da wurin da shagonsa yake da abin da yake samu a mako, tare da dalilin duk wanda ya daina, domin a san abin da za a canza kafin a ɗauki rukuni na gaba.