Haɗa manhajojin kamfani wuri guda a Saudiyya

Kamfanin hidimar alhazai a Makka ko Jidda mai manhajar kuɗi daban, ta masauki daban, ya fara da tace bayanai tukuna. Kowane alhaji a ɗaure shi da lambar fasfonsa, domin sunan Muhammad kaɗai ana rubuta shi iri-iri, sai mutum ɗaya ya koma uku. A daidaita kwanan Hijira da na Miladiyya.

Wajen zaɓar waɗanda za su yi aikin haɗawar, masu rubuta manhaja a Indiya sun fi araha, amma galibi hutunsu Asabar da Lahadi ne, na Saudiyya Juma'a da Asabar, kwana huɗu kawai ake haɗuwa. Ɓangaren Fatoora, wato tsarin rasitin lantarki na ZATCA (hukumar zakka, haraji da kwastam ta Saudiyya), da harajin VAT na kashi 15 kuwa, a ba 'yan gida. Kada a sauya tsari lokacin Hajji, kuma tsohuwar manhaja ta yi wata guda tana aiki tare da sabuwa.