Yadda na daina asarar masara saboda fumfuna

Bara masarata kusan buhu uku ta yi fumfuna a sito, kore-kore haka da warin ruɓa, kuma da farko niyyata in wanke in kai inji kawai tunda ai tuwo za a dafa. Malamin gona ne ya ce min wallahi kar in kuskura, wannan fumfunar tana fitar da guba mai suna afulatoksin, dafuwa ba ta kashe ta, tana cin hanta a hankali har ta kai ga kansar hanta, yara kuma tana hana su girma. A Kenya a 2004 mutum 125 ta kashe ta hanyar masara. Hankalina ya tashi sosai don yarana kullum tuwon nan suke ci.

Bana sai na canza. Na daina shanya a ƙasa, tamfol na shimfiɗa, kuma ban sa a buhu ba sai da na gwada da gishiri: ka zuba masara kaɗan da busasshen gishiri a kwalba busasshiya ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran danshi, a mayar rana. Muka zauna da uwargida muka tsince fasassu da masu baƙi. Buhunan na ɗora kan katako, nesa da bango.

Waccan ta baran binne ta na yi, ko kaji da shanu ban ba ba, don gubar tana biyowa har cikin nono. Wata biyar kenan yanzu masarar bana tsaf take.