Babi na 6: Haɗa Ƙoton Kwaɗo Mai Gaɓa

Bas kifin Amurka ne mai faɗin baki. Yakan laɓe ƙarƙashin ciyawar tafki yana jiran kwaɗo ko fara ta faɗo ruwa. Masu fatsa a can suna haɗa masa ƙoton ƙarya da roba da gashin tsuntsu, wanda ba ya nutsewa. Namu ƙugiya biyu gare shi, ta gaba da ta baya, da gaɓa a tsakani don bayansa ya riƙa lilo kamar ƙafar kwaɗo.

Darasi na 1: Kayan aiki

Ƙugiya biyu, lamba 1/0 ta gaba, lamba 4 ta baya. Dubi lambar a jikin takardar da ƙugiyar ta zo a ciki. 1/0 ta fi 4 girma, kada yawan lamba ya ruɗe ka. Sai zare mai ƙarfi, siririyar waya mai rufin leda tsawon santimita 8, ƙananan tsakiya biyu irin na abin wuya, guntun robar silifas, gashin zakara, sufa gulu, reza, almakashi, maka (alƙalamin shafa launi) da jan farce marar launi. Damƙe ƙugiyar da filaya, ka ɗaure hannun filayar da roba don hannayenka biyu su samu sakewa.

Darasi na 2: Ƙugiyar baya

Da ta baya ake farawa, wato ƙaramar. Naɗe sandar ƙugiyar da zare daga ido zuwa inda ta fara lanƙwasa. Ido shi ne ɗan zoben da ke kan ƙugiya. Ɗora gashi huɗu a matsayin wutsiya, tsawonsu kada ya wuce tsawon ƙugiyar. Naɗe gindinsu sau goma, ka koma wajen ido, ka ƙulla, ka ɗiga gulu ɗigo ɗaya.

Darasi na 3: Gaɓa

A nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Ba abin kunya ba ne ka warware ka sake.

Zura waya ta idon ƙugiyar baya, ka ninka ta biyu, bakunan su yi daidai. Zura bakunan biyu tare cikin tsakiya ta farko, sannan ta biyu. Yanzu damƙe ƙugiyar gaba. Kafin waya ta taɓa ta, naɗe sandarta da zare tukuna. Waya a kan ƙarfe tsirara santsi take yi, kifi na ja sai ta zare ya tafi da rabin ƙoton. Zare tukuna, sannan waya.

Ɗora wayar a bayan sandar, ka naɗa zare sau huɗu kawai, sako-sako, ka tsaya. Dubi ɗan zoben da wayar ta yi a idon ƙugiyar baya. Dole ya tsaya a tsaye, silin waya ɗaya sama, ɗaya ƙasa. In ya kwanta, ƙugiyar baya za ta juya gefe, tsininta ba zai kama bakin kifi ba. Tsinin ta gaba yana kallon ƙasa, tsinin ta baya ma ya kalli ƙasa. Duba kuma. Dukansu ƙasa suke kallo? Madalla.

Sai faɗin zoben. In ka matse shi, gaɓar ta sandare, ka yi aikin banza. In ka sake shi da yawa, ƙugiyar baya za ta naɗo ta sarƙe da ta gaba tun kana jifa. Bar wurin da tsinken ashana zai shiga tsakanin tsakiya da ido, ba fiye ba. Girgiza ka gani: ta yi lilo dama da hagu, amma kada ta iya kaiwa ga tsinin ta gaba.

Ya yi? To yanzu matsa zare da ƙarfi har kusa da idon ƙugiyar gaba. Lanƙwaso bakunan wayar baya, ka sake naɗe su, ka shafa gulu. Lanƙwasowar nan ita ce makullin.

Jama'a, sau nawa za a faɗa? Kullum sai an kawo ƙoto an zuba masa gulu alhali zoben yana kwance. Gulu ba ya gyara karkata, ƙara tabbatar da ita yake yi. A duba zobe kafin a taɓa gulu. Zare tukuna, zobe a tsaye, wurin tsinken ashana, a lanƙwaso waya, sannan gulu. Wanda ya yi gaggawa ya yanke da reza ya koma farkon darasin nan.

Darasi na 4: Kai

Yanko robar silifas, tsawo santimita 1.5, faɗi santimita 1. Fafe fuskarta kaɗan kamar cokali. Wannan ramin ne ke yin "ɓul" in an fizgi igiya. Tsaga cikinta da reza, tsagi marar zurfi, ka shafa gulu a sandar ƙugiyar gaba, ka cusa ta ciki. Sandar ta zauna ƙasa-ƙasa, in ba haka ba ƙoton zai kife. Kada robar ta cike tsakanin sanda da tsini.

Darasi na 5: Launi

Kifi daga ƙasa yake kallo, saboda haka ciki ya fi baya muhimmanci. Ciki fari ko rawaya, baya kore da ɗigo-ɗigon baƙi. Na almuru a yi shi baƙi gaba ɗaya. Fara da launi mai haske, mai duhu ya biyo. Bari maka ta bushe sarai kafin jan farce, kuma shafa ɗaya tak, don goga shi yana narkar da launin.

Darasi na 6: Gwaji

Jefa shi cikin baho. In ya kwanta gefe, koma darasi na 4. In bayan bai yi lilo ba, koma darasi na 3.