Yadda za ka bar taba da taimakon mutanen unguwarku, ba tare da ka kashe ko sisi ba

A Katsina ba kasafai ɗan mutunci ke kunna taba a bainar jama'a ba. Sai ya zagaya bayan shago, ko ya hau babur ya nufi bayan gari, ya gama ya tauna kanumfari, ya wanke hannu, sannan ya shiga gida gaida Hajiya. Wannan ɓoyon ne ke sa barin ta ya yi wuya, domin wanda ba a san yana sha ba, ba wanda zai san yana fama. Ni sau uku ina barin ta a asirce, sau uku ina komawa. Sai ran da na buɗe baki aka dace.

Don haka abu na farko, ka faɗa wa mutum ɗaya. Ba sai Baba ba. Nemi yayanka, ko abokin da ba ya sha, ko maiɗakinka, wadda dama ta daɗe da sani tunda ita ke wanke rigunan. Kuma ka faɗi abin da kake so a yi maka, don kada a rufe ka da wa'azi. Ni abin da na ce shi ne: "Yaya, don Allah in ka ga kirana ko da tsakar dare ne ka ɗauka, mu yi hirar ƙwallo ko ta gona." Dabarar ita ce, ƙishin taba yakan taso da ƙarfi amma ba ya daɗewa, 'yan mintuna ne ya lafa. Hirar minti biyar ta isa ta tsallakar da kai.

Sai ka tsayar da rana, kada ta wuce mako biyu daga yau. In azumi ya kusa, to ka tsinci dami a kala, tunda ka riga ka saba wuni ba ka sha ba. Inda ake faɗuwa shi ne bayan shan ruwa, lokacin da hannu ke lalube aljihu tun dabino bai gama wucewa ba. Ka zauna cikin mutane har a yi asham, kada ka keɓe. In ba lokacin azumi ba ne, na Litinin da Alhamis ma yana taimakawa. Wasu kuma kan zaɓi 31 ga Mayu, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware don yaƙi da taba.

Daren jajiberin ranar, ka zubar da sauran karan, da ashana, da laita. Da safe ka je wurin mai tiredar da ka saba saye, ka ce masa, "Malam, daga yau ko roƙonka na yi, ko bashi na ce, kada ka ba ni." Zai yi dariya, amma yawancinsu suna riƙe amana. Dokar taba ta 2015 ma ta hana sayar da ita kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, sai dai kowa ya san yadda abin yake a bakin titi.

Majalisa ce babbar jarrabawa. In taku ta masu busawa ce, ka ɗauke ƙafa na wata guda, ba gaba ba ce. Koma teburin wani mai shayin, ko ka zauna da dattawa a ƙofar masallaci tsakanin magariba da isha'i, inda kunya kaɗai ta isa ta tsare ka. Ka riƙe asuwaki a aljihu, da aya ko gyaɗa, saboda baki da yatsu sun saba da aiki. Kada wani ya ruɗe ka da shisha ko taba gari wai sun fi sauƙi. Nikotin ɗin da ya ɗaure ka yana cikinsu.

Kwana ukun farko su ne masu zafi: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci, ga yunwa kamar an yashe ciki. Ka gargaɗi mutanen gida tun da wuri don kada yara su sha tsawa a banza. Daga mako biyu zuwa huɗu abin yakan yi sauƙi. Jiki kuwa tun ranar farko yake fara murmurewa: cikin awa 12 gubar hayaƙin da ke cikin jini takan sauka, bayan shekara guda kuma haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kusan rabi.

Ka leƙa ƙaramin asibitin mazaɓarku, a auna maka hawan jini, ka gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiyar kara nawa kake sha a rana. In kana da tarin da ya wuce mako biyu, kada ka ce ai na taba ne. Je Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a duba majinarka. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Akwai cingam da filastar nikotin masu rage ƙishin taba a wasu kantunan magani, amma su da kuɗi ake saye, kuma sai da shawarar likita.

In ka samu mutum biyu ko uku masu niyya irin taka, ku buɗe zaure a WhatsApp, kowa ya riƙa rubuta kwanakinsa da safe. Kuɗin tabar kuma ku riƙa tara wa mutum guda kamar adashi.

Ran da ka zame ka sha kara ɗaya, kada ka ce shi ke nan ka sayi kwali. Ni a kwana na 19 na zame, a wajen wani ɗaurin aure a Ƙofar Ƙaura. Tun kafin in tayar da babur na kira Yaya na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi in biyo ta gidansa mu ci tuwo, gobe a sake ƙirga daga ɗaya.